Fuskar Kawu Tambari

Siddiƙu ya cusa farce a gefen takardar ya fizga, sai kusurwa kaɗai ta biyo hannunsa. Duk wanda ya manna ta a bangon tashar Goronyo bai yi rowar gam ba. Ya sake fizga, ya ɓaro wani yanki na sararin sama da rabin rumbu, amma fuskar tana nan daram tana yi masa murmushi. Fuskar kawunsa Tambari ce, da tsagen Gobirawa daga gefen baki har kunne, da kunnen hagun nan da kokawa ta murɗe tun yana saurayi. 'Yan kamasho da direbobi sun kewaye shi suna kallo, wani yana cewa a bar shi ai kayansa ne, wani yana cewa kayan hukuma ne kuma zai yi bayani. Bai kula kowa ba. Fentin da ya dama don rubuta bayan wata mota yana can yana bushewa a gwangwani.

Takardar babba ce, mai launi, bugun injin birni. An zana wani ƙato yana tashi a sama kan shimfiɗaɗɗen ruwa, da hular kwano ruwan ɗorawa irin ta ma'aikatan madatsa, da koren ƙyalle yana kaɗawa a bayansa. A kansa ya ɗauko gari sukutum a kan faifai, ɗakuna da rumbuna da masallaci, har da tsamiyar nan mai rassa biyu da duk wanda ya taɓa zuwa Tungar Mode, garin su Tambari, ya sani. A ƙasa an rubuta da boko da ajami, "Ni ma na tashi. Kai fa?" Abin da ya fi ƙona wa Siddiƙu rai haƙoran ne. Shi dai tun da ya yi wayo bai taɓa ganin haƙoran Kawu Tambari a waje ba, ko da ranar salla, amma ga su nan an jera masa su farare tas kamar mai tallan man goge baki.

Gagara-Ƙarfe sunan ƙaton, kuma Siddiƙu ne ya haife shi, in dai ana haihuwa da buroshi. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa, mai tsiren bakin tasha ya riƙa naɗe nama da tsofaffin takardun da kukun Turawan kamfani ke kawo masa. Wata rana sai rabon Siddiƙu ya zo a cikin wani shafi mai gida-gida, kowane gida da hotonsa. Wani mutum ne mai ƙirji, ya sa ɗamammun kaya, ya ɗora kamfai a kan wando, yana dirowa daga saman bene a kan wasu masu kwat. Siddiƙu ba ya jin Turanci can, amma ya bi labarin tsaf daga gidan farko zuwa na ƙarshe, kuma ya gane shigar. Wannan ai ɗan kokawa ne, sun dai rufe masa cinya saboda sanyin ƙasarsu. Shi kuwa ɗan kokawa ɗaya ya sani da ya isa a zana, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi bayan ubansa ya rasu.

Ya samo takardun buhun siminti, waɗanda a lokacin suke yawo ko'ina a Goronyo, ya raba su gida-gida ya fara. Duk ranar kasuwa sai ya rataye sabon labari a rumfarsa, ya ɗauki kara yana nunawa yana faɗi, jama'a su cika har su tare hanya. Labarin farko ma gaskiya ne. Wani dillalin albasa ya taɓa zuwa Tungar Mode da buhunan da aka ƙara wa tsawo, Tambari ya ɗaga shi ya cusa shi a cikin ɗaya don mutane su ga girman buhun da idonsu. Wannan a gaban shaidu aka yi. Amma kasuwa kowane mako take ci, kawu kuwa ba kowane mako yake cusa mutum a buhu ba. Sai Gagara-Ƙarfe ya fara jawo mota da lodinta daga laka da hannu ɗaya, ya kama ɓarayin shanu ya ɗaure su da igiyarsu. Da maganar tashin ƙauyuka ta taso, sai ya binne kambunsa na kokawa a bakin hanyar gari, katafila ta zo ta taka wurin ta mutu murus. Allah da ikonsa, ba a jima ba motar masu awon ƙasa ta lalace kusa da Tungar Mode har sai da aka ja ta da igiya. Daga nan ba wanda ya ƙara tambayar Siddiƙu ko gaskiya yake faɗi.

Tambari bai taɓa cewa uffan ba. In an kira shi Gagara-Ƙarfe a hanya ba ya amsawa, ba ya kuma hanawa. Shi ne ya tsaya wa mutanen garinsu a kan magana ɗaya, cewa ba za su koma fakon da aka nuna musu ba sai an nuna musu fadamar da za su noma a madadin wadda ruwa zai ci. Ƙauyukan gefe sun kwashe ɗaya bayan ɗaya, Tungar Mode tana nan. Yanzu kuma ga shi a bango ya ɗauko garin a ka yana dariya. Siddiƙu ya san mutanensa. A wurinsu hoton da inji ya buga ba ya ƙarya, sai mutum ya tsaya ake ɗaukarsa. Dattijon da bai taɓa karɓar ko goron wani jami'i ba, yau shi za a kira wanda ya sayar da garinsu.

Ya kuma san ta inda aka shigo masa. Bara da kaka Malam Zayyanu, jami'in wayar da kai na aikin, ya zo rumfarsa da fara'a da yabo, ya ce yana so a buga ɗan littafi inda Gagara-Ƙarfe zai hana yara wanka a magudanar ruwa saboda tsargiya. Siddiƙu ya ji daɗi har ya raka shi mota, ya ba shi damin zane guda ya ce ya zaɓa. Littafin tsargiya dai har yau bai fito ba.

Ya bar gwangwanin fenti da motar mutane rabi da rubutu, ya dunƙule yankin da ya samu ya ɓaro, ya nufi ofishin a ƙafa cikin rana. Masinja ya dubi rigarsa mai ɗigon fenti ya ce oga yana mitin. Siddiƙu ya ce to shi ma mitin ɗin ya zo, ya ture labule ya shiga. Ba wani mitin. Zayyanu yana zaune shi kaɗai a gaban fanka yana shan lemo, a bayansa an kafa irin takardar nan sabuwa fil.

Zayyanu ɗan gidan malamai ne na Wurno. Ya yi kwas a Amurka kan yadda ake shawo kan manoma, ya dawo da wata irin fara'a da ba ta jin zagi. Ya miƙe ya kira Siddiƙu babban mai zane, ya ce dama nemansa yake yi, ya tambaye shi ko ya ga yadda yaron nasa Gagara-Ƙarfe ya yi kyau da ya je wurin buga takardu a Kaduna ya dawo. Siddiƙu bai karɓi hannun ba. Ya ajiye yagaggen yankin a kan tebur.

"Wa yab ba ka izinin ɗora mashi gari bisa kai?"

Zayyanu ya ce ya zauna tukuna. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu tsofaffin littattafai masu gida-gida, takardarsu duk ta yi ja, ya ce a wani shagon gwanjo ya tsinto su a can. Ya shiga buɗewa yana bayani kamar mai ba da darasi, kuma abin haushin, da gaske abin yake ba shi sha'awa. Ya ce lokacin da aka fara irin waɗannan sadaukai a Amurka, gab da yaƙin duniya na biyu, samari ne 'ya'yan talakawa suke zana su, kuma da farko sadaukan ba su da ladabi ko kaɗan. Azzaluman masu kuɗi suke bi suna shaƙewa, su jefo mugu daga saman bene, 'yan sanda ma nemansu suke yi. Ya nuna masa wani shafi ya ce dubi fuskar, a murtuke kamar ta naka. Sai ya buɗe wani na 'yan shekaru kaɗan bayan wancan. An wanke su tas. Kamfanoni sun ce ba kisa, sun ƙulla musu abota da 'yan sanda, sun ba wasu yara 'yan rakiya don jawo ƙananan masu saye, wanda da tsalle yake yi yanzu tashi yake. Da yaƙi ya zo kuwa, sai aka sa su gaba suna gaya wa jama'a abin da hukuma ke so, a tara tsohon ƙarfe, a taimaka wa soja. Samarin da suka ƙirƙiro su kuma, da yawansu kamfani ya karɓe abin, wanda ya yi gardama aka miƙa wa wani buroshin.

"Haka abin shike ko'ina," in ji shi. "Sadauki in ya girma, ba na mai zane ba na kuma. Naka ya girma, Siddiƙu. Murna ya kamata ka yi."

Siddiƙu ya tambaye shi, a cikin waɗannan na Amurka wanne ne yake da gonar albasa. Wanne ne yake shiga sahu a masallaci tare da mutanen da za su ga hotonsa, wanne ne yake da matar da za ta je rijiya gobe da safe. Ya ce wannan fuskar ta mutum ce mai rai, wan uwarsa ne ciki ɗaya, in da Zayyanu bai sani ba to yau ya sani.

"Na sani," Zayyanu ya ce. "Mai zanen Kaduna ya so shi goge tsagen, ni nic ce a bar shi. In ba huskar Tambari ta ba, wa za ya tsaya shi duba?"

Siddiƙu ya zo ne da shirin yin faɗa da wawan da ya yi kuskure, sai ya tarar da mai wayo, wannan kuwa ya fi ciwo.

Fara'ar Zayyanu ta ɗan ja baya. Ya ce ruwa ba ya jiran kowa, ranar da aka rufe ƙofofin madatsa Tungar Mode za ta koma ƙarƙashinsa, da Tambari ko ba Tambari. Ya ce Siddiƙu ya ji yadda irin wannan ja-in-ja ta ƙare a wasu wurare, shi kuwa gara ya tashe su da takarda da a zo a tashe su da abin da ya fi takarda. Maganar fadama tana sama, ba a teburinsa take ba. Daga nan ya koma fara'arsa, ya ce akwai gurbin mai zane a ofis, in Siddiƙu yana so sai ya riƙa zana abinsa da hannunsa, har a sa masa suna a ƙasa. Takardun kuwa tun jiya mota ta kai su ƙauye.

Siddiƙu ya zagaya teburin, Zayyanu ya ja kujera baya da sauri yana kare fuska. Ba shi aka nufa ba. Ta bangon ofis da ƙusa aka kafe ta, don haka ta fito gaba ɗaya a fizga guda. Siddiƙu ya dunƙule ta ya jefa a kan littattafan Amurka ya fita, yana jin masinja a bayansa yana cewa ai dama shi ya faɗa.

A-kori-kurar da ke bin hanyar ƙauyuka cike take da buhunan taki da mata masu dawowa daga asibiti. Siddiƙu ya maƙale a baya, ƙarfen motar yana ƙona masa tafin hannu. Ba a yi nisa ba aka ɗauko zancen. Wata tsohuwa ta ce ita an gaya mata gidan kwano aka yi wa Tambari a sabon gari, har da famfo. Wani mai jar hula ya ce a jirgi aka kai shi Kaduna aka ɗauki hoton, shi ya sa ya fito a sama. Siddiƙu ya ce ƙarya ne. Mai jar hula ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko ya fi inji sani, motar ta ɗauki dariya. Suka wuce ƙauyuka biyu da aka riga aka kwashe, bangaye tsaye ba jinka, awaki ma ba su rage ba. Can gaba aka sauke shi.

A Tungar Mode an manna takardar a jikin tsamiyar kanta, an manna wata a bangon masallaci, kuma duka biyun an shafe fuskar da kashin shanu. Ya tarar da Inna Uwaliya, matar Tambari, a tsakar gida tana tankaɗe, idanunta sun kumbura. Ta ce tun jiya suke ciki. Da asuba kawunsa ya yi sallama a masallaci ba wanda ya amsa, a sahu aka bar masa fili dama da hagu. Ita kuma da ta je rijiya mata suka janye gugansu suka juya mata baya, matan da ta karɓi haihuwar rabinsu. An je lambu an yanke igiyar jigonsa na ban ruwa. Ta ce mazan gari sun taru sun yi rantsuwa ba inda za su, wai tunda hukuma ta koma sayen mutum, ashe katafilarta ba ta iya shiga. Wai Tambari ya sayar da kansa, amma abin da ya binne a bakin hanya yana nan, kuma ba za su bari ya tone ba, har sun sa samari gadin wurin. Siddiƙu bai tsaya jin ƙarshen ba. Abin da ya shiga kunnensa sahu ne da guga da igiya.

Ya iske Tambari a fadama, zaune a bakin rijiyar lambu yana tufka sabuwar igiya da kaba. Albasa ta yi kore shar a fangalai, ta kusa cirewa. Siddiƙu ya daɗe yana zana mutumin nan har ya manta da dubansa, yau sai ya ga furfura ta cinye gemun, kafaɗun sun sauka, ƙafar dama a miƙe don gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya shiga bayani, Zayyanu da tsargiya da mai zanen Kaduna. Ya ce yau ɗin nan zai tara gari ya wanke shi. Tambari ya bari ya gama, hannuwansa ba su daina tufka ba.

"Ka koma Goronyo tun da sauran mota," ya ce. "Kak ka ce ma kowa komi."

Siddiƙu ya ce Kawu, zaginka fa ake yi, har mata.

"Ni aka zagi, ba kai ba."

Siddiƙu ya ɗauka fushi ne da shi, irin fushin manya da ba ya son taimakon wanda ya jawo, sai abin ya ƙara tunzura shi. Ana haka aka kira la'asar. Tambari ya dafa bakin rijiya ya miƙe, Siddiƙu ya bi shi a baya.

Ya gani da idonsa. Suna shiga sahu mutumin da ke hagun Tambari ya matsa, ya bar filin da yaro zai kwanta. Siddiƙu ya manne wa kawunsa ta dama, kafaɗa da kafaɗa, ya yi sallar da bai san abin da ya karanta a cikinta ba. Bayan sallama, ana neman takalma a waje, sai Attahiru, wani matashin manomi da ba ya fashin rumfar Siddiƙu ranar kasuwa, ya sa ƙafa ya shure takalmin Tambari zuwa inda ruwan alwala ke kwanciya. Ya ce mai tashi sama mi za ya yi da takalmi. Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Tambari ya taka a hankali, ya dafa gwiwa ya sunkuya yana laluben takalminsa a cikin caɓi. Wannan sunkuyawar ce ta ƙarasa Siddiƙu.

Ya haye dakalin masallaci. Ya ce musu ba su da kunya, ba su da amana, mutumin da ya tsaya musu tun ana gudunsu shi suke shure wa takalmi. Ya ce takardar zane ce, wani ne a Kaduna da bai taɓa ganin Tambari ba ya kwaikwayi nasa zanen, Tambari bai je ko'ina ba, bai karɓi ko allura ba. Attahiru ya ce zanen Siddiƙu sun san shi, a takardar siminti yake, wannan kuwa inji ne. Kuma ko zanen ne, ai duk abin da aka zana na Gagara-Ƙarfe ya faru, don me wannan kaɗai zai zama ƙarya. Daga ƙasa Tambari ya kira sunan Siddiƙu sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Idon Siddiƙu ya riga ya rufe.

"Mi yaf faru? Ku dube shi da kyau. Tsohon ga da gwiwa ta hana shi hawan jaki, shi za ya ɗauki gari? Motar da kunka ga ya jawo cikin laka, ni nij jawo ta, da buroshi, cikin rumfata. Ɓarayin shanu ni nik kama su. In kun cire dillalin albasa, babu guda da anka yi. Duk daga kaina sunka hito, kamar yadda wagga ta hito daga kan wani."

Liman Malami, tsoho mai sanyin murya, ya matso yana dogara sanda.

"Kambun hwa? Wanda yab binne bakin hanya?"

"Wane kambu, Malam? Shina cikin tukunya ɗakin Inna Uwaliya tun da yab bar kokawa. Ku tai ku tona, in kun iske wani abu ban da tsakuwa ku yanke man hannu."

Wani ya tambaya, to motar masu awo fa. Siddiƙu ya ce mota ce ta lalace yadda motoci ke lalacewa, shi a tasha yake wuni, kullum sai ya ga an tura guda.

Liman ne ya fara. Ya je ya kama hannun Tambari da hannu biyu, ya ce sun zalunce shi, ya yafe musu don Allah. Sauran suka biyo ɗaya-ɗaya, kai a ƙasa. Attahiru ya durƙusa ya karɓi takalmin ya goge da bakin rigarsa yana hawaye, ya sa masa da hannunsa. Wani ya je ya fara kankare takardar bangon masallaci da dutse. Siddiƙu yana kan dakali yana mai da numfashi, gumi ya jiƙa masa baya, ransa ya yi sanyi karon farko tun safe. Ya wanke kawunsa a gaban kowa, kuma ya ji daɗin haka ƙwarai.

Sai dai ba a watse da hira ba kamar yadda aka saba. Mutane suka tsaya biyu-biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Wani ya tambayi Liman ko gaskiya ne waɗanda suka riga zuwa sabon gari su ake ba filin kusa da rijiya. Wani ya ce ya ji motar kwashe kaya tana zuwa ƙauyen gaba jibi, in an yi magana da direba zai iya biyowa. Wani dattijo ya aika a kira samarin da ke gadin bakin hanya, ya ce su dawo gida haka nan. Tambari ya ɗaga murya ya ce maganarsu tana nan inda take, ba fadama ba tashi. Suka ce haka ne Baba, Allah shi ƙara girma, cikin irin ladabin da ake yi wa tsoho, suna faɗi suna wucewa. Kafin Siddiƙu ya sauko daga dakali, ya hango wani a saman ɗakinsa yana kwance igiyar jinka.

Suka kama hanyar gida, Tambari a gaba yana jan ƙafa, Siddiƙu a baya. Fushin da ya ɗauko tun daga tasha yana nan bai ragu ba, sai dai yanzu ya rasa wanda zai kai wa. Duk gidan da suka wuce ana gaishe da Tambari da girmamawa, a wani gidan kuma ana jin ƙarar kwanuka da ake haɗawa. A ƙofar gida tsohon ya zauna a kan kututture ya miƙe ƙafar dama. Siddiƙu ya durƙusa ya fara cewa shi abin da ya so, Tambari ya ɗaga masa hannu.

"Na sani," ya ce. "Amma zagin ga da kaj ji, da ka bar man shi. Ina iyawa da shi."

Uwaliya ta fito da fara'arta tana cewa matan rijiya sun zo har ɗaki sun ba ta haƙuri, ɗaya ma ta roƙi aron buhuna. Ta dubi mijinta, ta dubi Siddiƙu, fara'ar ta tsaya. Sai ta tambaya a hankali ko ita ma ta fara haɗa nata. Tambari ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon jinkar ɗakinsa, wadda bara ya sake mata sabon shuci don ya nuna wa gari ba inda za shi.

"Tunda kaz zo, ɗauko tsani ka kwance ta," ya ce wa Siddiƙu. "Kowa ya ji gwiwata ba ta hawa."

Siddiƙu ya tashi ya nufi bayan rumbu inda ake jingine tsanin.